Farin Ƙyallen Kawu Otmar

Pokhara, bakin Tafkin Fewa,
ƙarshen damina.

Zuwa ga Yayata Belmaya, tauraruwar danginmu a ƙasar Jamus,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda da za a loda ta a kwale-kwale sai ya nitse tun bai bar gaɓa ba, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da tukwanen gidan abincin da kike yi wa hidima. Ni dai na yi fama da mura mai tsanani, irin wadda ke kayar da manyan mutane, amma na yi nasara a kanta cikin jarumtaka da ruwan citta.

Ina farin cikin sanar da ke cewa damina ta tattara komatsanta. Tafki ya bar launin shayi ya koma launinsa. Duwatsun ƙanƙara, waɗanda suka ɓuya tun farkon ruwa, sun fito jiya da safe babu ko neman afuwa. Matsattsaku sun yi murabus. Ana kwashe kainuwa daga bakin ruwa, ana shafa wa jirage fenti, shinkafa kuwa ta fara rawaya.

Turawanmu ma sun fara dawowa. Ba masu jakar goyo nake nufi ba, waɗanda ke kwana uku su tafi hawan dutse. Ina nufin namu na gida, masu gudun damina su dawo da kaka, su zauna a teburin gindin bishiya na shagonmu suna kukan cewa gari ya lalace. Tsohuwar nan mai zanen dutse ɗaya tun kafin a haife ni ta iso, ta sake zana shi. Dogon nan mai rubuta littafin da ba ya ƙarewa ya iso, ya ce saura kaɗan. Kowa ya kama kujerarsa. Kujerar Kawu Otmar ce kaɗai babu kowa, kaka ta biyu ke nan tun da ya faɗi a matakala, 'yarsa ta zo ta tafi da shi ƙasarsu. Babu mai zama a kanta, sai kyanwa.

Yanzu sai muhimmin batu, wanda nake roƙon ki karanta a tsaye.

Inna Dilkashi, mahaifiyata, wadda ta riƙe ki shekarun da kike makaranta ba ta taɓa cewa ke 'yar nesa ce ba, tana kwance. Likitoci sun duba cikinta, suka dubi juna, suka ce mu kai ta gida mu ba ta duk abin da ranta yake so. Ranta kuwa abu ɗaya yake so.

Da yake kin daɗe cikin mutanen da ba su san komai ba sai lokacin tashin jirgin ƙasa, bari in tuna miki. A wurinmu, idan matar aure ta rasu, gidan mijinta ba su da ikon rufe ta. Sai ɗan'uwanta namiji ya kawo farin ƙyalle da hannunsa, daga gidan da ta fito. Da shi ake lulluɓe ta, shi ne kuma yake nuna mata hanya. Ni ɗanta ne, na gidan miji ne, ko da zan saye duk farin yadin kasuwa ba zai yi ba. Kin kuma san 'yan'uwan Inna duka ƙasa ta zaftare da su a ƙauyensu tana amarya. Kin san yadda ta yi shekaru tana rufe ƙofa ranar bikin Tihar, ranar da mata ke ɗiga wa 'yan'uwansu maza tika, wato ɗigon albarka, a goshi. Har shekarar da wani Bajamushe mai haya a ɗakinmu na sama ya tambaye ta dalilin kukanta, ta gaya masa, ya cire hularsa ya zauna a tabarma ya miƙa goshi. Tun daga ranar ya zama ƙaninta, ya zama kawunmu Otmar, bai taɓa fashin shekara ba sai da aka ɗauke shi.

Shekaranjiya ta kira ni ta ce, "Auta, rubuta wa Belmaya. Ta je ta karɓo mini farina a hannun Otmar."

Na ce, "Inna, ai da sauran lokaci."

Ta ce, "Kai da ba ka san lokacin sauke shinkafa daga wuta ba, kai ne za ka san wannan?"

Saboda haka, da sunan dangi, da sunan tafki da duwatsun da ke kallonsa, na ɗora miki wannan gagarumin aiki. Adireshin 'yarsa yana bayan takarda.

Ƙaninki mai biyayya,
Rudraman Gurung,
Babban Kwamandan Tukunyar Shayi.

*

Jamus.

Rudra,

Na sami wasiƙarka. Lafiyata lau, sai sanyi da ya fara shiga ƙashi. Ganye duk ya zube, rana na faɗuwa tun ban tashi daga aiki ba. Da na karanta zancen duwatsu sai na ajiye takardar na ɗan zauna.

Amma kai, yaushe za ka girma? Bara ka rubuto mini cewa Inna tana "tsaye a bakin kogin da ba a dawowa". Na kwana ina kuka, na nemi inda zan buga waya, ashe haƙori ne aka cire mata. Kafin nan ka aiko da shafi guda na makokin "dattijon gidanmu", sai a ƙasa na gane bunsuru ne. Yanzu kuma ka zo da kwamanda da tafki da duwatsu. Mutumin da uwarsa ke kwance ba ya fara wasiƙa da labarin murarsa.

Na san Inna. Duk shekara idan Tihar ta matso sai kewar Kawu ta taso mata, ta fara maganar mutuwa. Ka dafa mata miyar wake, ka daina karanta mata fuskar likitoci.

Garin da Kawu yake can arewa ne, kusa da teku, yini guda a jirgin ƙasa. Maigidanmu ba ya ba da hutu yanzu. Kuma ka yi tunani: in shiga gidan mutane, in ce wa tsoho marar lafiya ya ba ni likkafanin yayarsa alhali tana raye? A nan ba a yin haka. Idan an rufe shago a hutun ƙarshen shekara zan je in gaishe shi, in ɗauko mata hotonsa.

Ka gaida Inna, ka ce na dafa ƙafarta. Ka gaida Baba Hastabir, babban danginmu. Kai kuma ka rage surutu.

Yayarka,
Belmaya.

*

Pokhara,
bayan bikin Dashain.

Yaya Belmaya mai girma,

Ina gaisuwa, gwargwadon yadda wanda aka yanke wa hukunci yake gaida alƙali. Ina lafiya. Ba zan ƙara ko kalma a kan lafiyata ba, tunda ta zama shaida a kaina.

Na amsa laifin haƙori. Na amsa laifin bunsuru, ko da yake har gobe ina ganin ya cancanci shafin. Na yi niyyar rubuta wannan wasiƙa da gajerun kalmomi irin na masu gaskiya, na yaga takarda har ta cika kwando. Idan na rubuta abin yadda yake, hannuna ƙin tafiya yake yi. Manyan kalmomin nan su ne sandar da nake dogarawa. Ki yi haƙuri da su.

Na karanta wa Inna wasiƙarki. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki don zafi. Ta ce, "Yarinyar nan tana da hankali. Ni ma da kai ka kawo mini labarin mutuwata ba zan yarda ba."

Dashain ta zo ta wuce. An kafa lilon gora a filin bakin tafki, yara suna tashi sama suna ihu. Gauraki sun wuce ta kanmu zuwa kudu. Dangi sun zo karɓar tika ta jar shinkafa daga hannun Inna kamar kullum. Ni na riƙe mata gwiwar hannu, ina kai shi goshin kowa. Jar shinkafar tana zubewa a hanya. Mutane suna fita suna cewa ta ji sauƙi, suna share ido a bakin ƙofa.

Turawan gindin bishiya sun lura ba ta fitowa. Yanzu idan na kawo shayi ba sa kukan ya yi zaƙi. Mai zane ta kawo mata hoton dutse. Mai littafi ya kawo ƙwayoyin magani daga ƙasarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, bai san ko ya shiga ba. Suna nan shekara da shekaru, sun san farashin komai da sunan kowa, amma idan ciwo ya shigo gida sai su koma baƙi.

Baba Hastabir, a matsayinsa na babban dangi, ya zo da shawara. Ya zauna a gefen gadonta ya ce, "Dilkashi, Tihar ta kusa. Ki ɗiga wa wani tika, mu sami mai kawo ƙyalle. Ga Purna mai jirgi, mutumin kirki ne."

Ta ce, "Purna yana da 'yan'uwa mata har ya rasa inda zai sa goshi."

Ya ce, "To, a ɗauko ɗaya daga cikin na gindin bishiya, ko mai littafin nan. Ai dangin Otmar ne. Idan ɗan'uwa bai samu zuwa ba, na gidansu yana iya tsaya masa."

Na ce, "Baba, mai littafi ba Bajamushe ba ne, ƙasarsu ma sun taɓa yaƙi da ta Kawu."

Ya ce, "Wane dangi ne ba sa yaƙi? Rufe mana baki."

Inna ta juyo da ƙyar ta ce, "Yaya Hastabir, ina da ƙane. Yana raye. Wanda ake nema wa madadi shi ne wanda ya mutu. Ba zan binne shi da ransa don in sami abin rufa ba."

Ya ce, "Idan ƙyallen bai zo ba fa? Haka za ki tafi babu hanya?"

Ta ce, "Zai zo. Mutumin da ya iya cin barkonona bai yi kuka ba, yadi ne zai gagare shi?"

Baba ya fita yana faɗa da takalminsa.

Yaya, ba ni da hatimi, ba ni da shaidu. Za ki ga zare a naɗe cikin takardar nan. Na zagaya shi a wuyan hannun Inna yau da safe, na yanke daidai inda ya haɗu. Ki zagaya shi a naki. Kin san hannun da ya riƙa ɗaga tulu biyu daga tafki. Hutun ƙarshen shekara ya yi mana nisa.

Ƙaninki,
Rudraman, wanda aka sauke daga muƙami.

*

Jamus.

Rudra, ƙanena,

Ina lafiya. Zaren bai zagaye yatsuna uku ba. Ka yafe mini. Washegari na gaya wa maigida zan tafi, ya ga dama ya ajiye mini aikin, ya ga dama ya bayar.

Na sayi farin yadi mai kyau a hanya. 'Yar Kawu, Almut, ta tarye ni a tasha. Da na yi mata bayani sai fuskarta ta canja. Ta ce mahaifinta yana gidan kula da tsofaffi, wani lokaci ko ita ba ya ganewa, kuma ba ta son a tayar masa da hankali da zancen mutuwa. Na ce mata ba zancen mutuwa ba ne, zancen zumunci ne. Ban san ko ta gane ba, amma ta kai ni.

Yana zaune a bakin taga da bargo a gwiwa. Ya rame. Ma'aikatan sun ce yana yi musu wani yare da ba su sani ba, suna zaton ruɗewa ce. Harshenmu ne, Rudra. Shayi yake roƙonsu da harshenmu.

Na haɗa hannu na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "'Yar wa?"

Na ce, "Belmaya ce, Kawu, ta gidan Inna Dilkashi."

Ya ce, "Mai satar lemo." Ya yi dariya. Ya tambaye ni ko duwatsu sun fito, ko an kwashe kainuwa, ko har yanzu auta yana magana kamar rediyo. Almut tana tsaye tana kallonmu, ba ta jin ko kalma. Ta ce rabon da ya yi magana mai tsawo haka tun bazara.

Sai na fito da yadin na ɗora a cinyarsa. Na yi shirin yi masa bayani a hankali. Ban kai ga buɗe baki ba. Ya shafa shi, ya dube ni, dariyar ta ɗauke. Ya sani. Duk abin da ya manta, wannan bai manta ba.

Na ce, "Kawu, Inna ce ta aiko ni. Ka miƙo mini da hannunka, in aika mata."

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ita ta roƙa."

Ya ce, "Wa ya ce Yaya za ta tafi? Ban ci wainar shinkafarta ta bana ba. Ba ta sa mini tika ba. Ki gaya mata ban sallame ta ba."

Ya rungume yadin a ƙirji da hannu biyu. Na lallashe shi, na durƙusa, na yi kuka. Ya juya fuska ga taga. Na kwana a garin, na koma da safe, na tarar ya kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Da ya gan ni sai ya danne shi da kafaɗa. Almut ta ce za ta iya zarewa idan ya yi barci. Na ce a'a. Abin da aka zare ba a bayar ba ne.

Na dawo hannu wofi. Ga abin da nake tunani, kai za ka yanke: in sayi wani yadin in aiko, mu ce daga hannunsa ya fito. Babu wanda zai sani sai ni da kai. Inna za ta tafi da kwanciyar rai, Baba Hastabir zai yi shiru. Ban iya yanke wannan ni kaɗai ba. Ka amsa da sauri.

Yayarka,
Belmaya.

*

Pokhara,
bayan girbi.

Yaya Belmaya,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki da tafiyar da kika yi. Ina cikin fararen kaya, ba na cin gishiri. Kin gane. Inna ta rasu da hantsi, ana cikin sussukar shinkafa a gonakin ƙetaren tafki. Ba ta sha wahala a ƙarshe ba.

Wasiƙarki ta iso bayan Tihar. Ranar bikin Inna ta sa na saƙa mata abin wuya na fure, na kai na rataya a kujerar Kawu. Turawan suka tashi tsaye ba wanda ya ce su tashi.

Da na karanta shawararki na zagaya bakin tafki da takardar a aljihu. Ina shaida miki cewa na yarda da ita. Na ma tsara jawabin da zan yi: yadda Kawu ya miƙe a kan ƙafafunsa, ya sumbaci yadin, ya miƙa shi yana fuskantar gabas. Jawabi ne mai kyau, da kin ji da kin yaba. Na shiga ɗaki na zauna, na buɗe baki. Inna ta ce, "Auta, karanta abin da ke cikin takardar, ba abin da ke cikin kanka ba. Muryar Belmaya nake son ji."

Na karanta mata duka, har da shawarar.

Ta ce, "Sake karanta inda ya ce a'a." Na sake. Ta ce, "Da harshenmu ya faɗa?" Na ce da shi. Hawaye yana bin gefen idonta zuwa kunne, amma bakinta murmushi yake. Ta ce, "Ɗan banza mai taurin kai. Tun ranar farko haka yake, a ce ya cire takalmi sai ya tambayi dalili."

Na ce, "Inna, Yaya Belmaya za ta iya aiko da wani yadin."

Ta ce, "In je wa iyayena da yadin ƙarya? Su tambaye ni na wa ne in ce me? Ku bar masa abinsa. Kada wanda ya karɓa, kada wanda ya tsaya masa."

Na ce, "Hanyar fa?"

Ta ce, "Zan tambaya. Ai ba bebiya ba ce ni."

Ranar da za a fita da ita tsakar gida ta cika. Lama mai jagorantar addu'a ya ɗaga murya ya yi tambayar da ake yi: ina ƙyallen ɗan'uwa? Baba Hastabir ya dube ni, na ga a idonsa ya riga ya tanadi yadi a bayan ƙofa, ya kuma yi magana da Purna. Kalma ɗaya zan faɗa a kawo. Lama ya sake tambaya. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na nemi manyan kalmomina na rasa ko guda. Na ce, "Tana da ɗan'uwa. An kai masa ƙyallen. Ya hana."

Wata tsohuwa ta ce, "Ya hana? Faɗa suka yi?"

Na ce, "Ya ce bai sallame ta ba."

Baba Hastabir ya ce tun da yake bai taɓa jin irin wannan ba, kuma ba ya ɗaukar alhakinsa. Amma bai aika a ɗauko na bayan ƙofa ba. Muka lulluɓe ta da mayafinta na kullum. Turawan gindin bishiya suka bi mu a baya har bakin kogi, tsohuwar mai zane tana jan ƙafa, ba wanda ya san inda ya kamata su tsaya, ba wanda ya kore su.

Yaya, mutane sun rabu biyu a kaina. Wasu sun ce na cika wa uwata magana. Wasu sun ce na tura ta cikin duhu babu abin nuna hanya, don kawai ban iya ƙarya a ranar da ƙarya take da amfani ba. Ni kaina ban sani ba. Yanzu hazo yake rufe tafki kowace safiya, ba a ganin ƙetare sai rana ta ɗaga. Ina fita in tsaya a gaɓa, ina jin muryoyin masu jirgi a ciki suna kiran juna don kada su ɓata. Ina tsayawa har ya washe, sannan in koma in ɗora shayi.

Saura abu ɗaya, kuma ke kika ga fuskarsa, ke za ki yanke ko a gaya masa ko a bari. Idan kika koma ya miƙo miki yadin da kansa, kada ki karɓa. Ki ce masa Yayarsa ta ji saƙonsa, ta ce ya riƙe.

Ƙaninki,
Rudra.